Bayyana, Fayyace, Warware da Tantance: Aikatau na Fito da Magana Fili

1.0 Gabatarwa

Greensboro birni ne da ke gundumar Guilford a jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka. An kafa shi a shekarar 1808, kuma ƙidayar 2020 ta nuna cewa mazaunansa sun kusa kai 300,000. Titin Wendover yana ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka ratsa birnin daga gabas zuwa yamma. Ya bi ta arewa da tsakiyar gari, ya tsallake babbar hanyar I-40, sannan ya nufi garin High Point. Ɓangarensa na yamma cike yake da manyan kantuna da gidajen abinci da wuraren sayar da motoci. Tun daga shekarun 1990 'yan Nijar da dama, Hausawa da Zabarmawa da sauransu, suka mayar da Greensboro mazauninsu, har ya zama ɗaya daga cikin garuruwan Amurka da suka yi suna wajen tara jama'ar Nijar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ana gaisawa da Hausa a ƙofar kanti a kan wannan titi.

A wuri irin wannan, inda harsuna ke cuɗanya kullum, akwai wani aikatau na Ingilishi da ke yawan fitowa daga bakin likita da lauya da malamin makaranta da dillalin mota, wato "clarify". Ɗalibin da ke koyon Hausa yakan so a ba shi kalma ɗaya tak da zai riƙa sawa a madadinsa. Hausa kuwa ta rarraba wannan aiki a tsakanin aikatau da dama, kowanne da muhallinsa. Idan ɗalibi ya ɗauki wanda bai dace ba a cikin aji, maki kawai zai rasa. Idan kuwa a asibiti ne ko a kotu ko wajen sa hannu a takardar bashi, hasarar takan faɗa kan lafiyar wani ko dukiyarsa. Wannan darasi zai duba waɗannan aikatau ɗaya bayan ɗaya, tare da misalai irin na hulɗar yau da kullum a titin Wendover.

2.0 Kalmar Ingilishi da Ma'anoninta

Asalin kalmar daga Latin ne, daga "clarus", wato abu mai haske ko wanda yake garau. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 14. A yau tana da manyan ma'anoni guda biyu. Ta farko ita ce kawar da ruɗani daga magana ko ra'ayi ko doka. Ta biyu ita ce raba abu mai ruwa-ruwa, kamar man shanu ko romo, da dattin da ya gurɓata shi.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe game da ma'ana ta farko. Na ɗaya, kalmar tana nuna cewa an riga an faɗi wani abu, sai dai bai fita sosai ba, shi ya sa ake komawa kansa. Na biyu, abin da ake magana a kai shi ne karɓau, mutumin da ake yi wa bayanin kuwa yana zuwa ne a kaikaice. Za a ga cewa Hausa ta yi daidai da Ingilishi a kan batu na biyu a yawancin aikatau, amma a kan na farko tana buƙatar wasu kalmomi na taimako, irin su "ƙara" da "ƙarin".

3.0 Bayyana

Wannan shi ne aikatau mafi yawan amfani a cikin rukunin. Ararriyar kalma ce daga Larabci, daga saiwar nan mai baƙaƙe uku, b-y-n, wadda ke ɗauke da ma'anar rabuwa da fitowa sarari. Daga wannan saiwa aka sami sunan "bayani", jam'insa "bayanai". Kalmar ta daɗe a bakin malaman ƙasar Hausa. Ɗaya daga cikin sanannun littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kammala a 1806, sunansa ya fara ne da ita, wato Bayan Wujub al-Hijra.

A rubutun yau da kullum ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "bayyana" kalma ɗaya ce a ido. A kunne kuwa guda biyu ce. Bisa tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya kasa aikatau na Hausa zuwa azuzuwa bakwai, akwai bayyànā ta aji na ɗaya, mai karin sauti sama-ƙasa-sama, wadda take so-karɓau ce. Akwai kuma bàyyanà ta aji na uku, mai karin sauti ƙasa-sama-ƙasa, wadda take ƙi-karɓau. Ga misalan ta farko:

(1) Dillali ya bayyana farashin motar.
(2) Likita ta bayyana wa mara lafiya sakamakon gwajin jini.
(3) Malamar makaranta tana bayyana musu dokokin aji.

Ga kuma na ta biyu:

(4) Lahanin motar ya bayyana bayan mako biyu.
(5) Gaskiya ta bayyana.

A misali na (1) zuwa na (3) wani ne ya fito da abu fili. A na (4) da na (5) abin ne ya fito da kansa. Wani lokaci jimla ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu a rubuce:

(6) Abin da ya bayyana shi ne injin ya lalace.

Idan aka furta bayyànā, ana nufin abin da wani mutum, wataƙila makaniki, ya faɗa. Idan aka furta bàyyanà, ana nufin abin da aka gano daga baya. Ga mai shari'a da dillali a kan mota, tazarar da ke tsakanin ma'anonin nan biyu ba ƙarama ba ce, domin ta farko tana nuna cewa an sanar da shi.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mayar da mutum karɓau kai tsaye. "Ya bayyana mini" na nufin ya yi mini bayani. "Ya bayyana ni" kuwa na nufin ya fallasa ni, ko ya siffanta ni, kamar a jimlar "Ya bayyana shi a matsayin mutumin kirki". Idan ana so mutum ya zama karɓau, sai a koma ga aji na biyar, a ce "ya fahimtar da ni" ko "ya ganar da ni".

A lokaci mai ci, idan babu karɓau a bayan aikatau, ana ƙara ɗafa-ƙeyar "-wa": "yana bayyanawa". Idan akwai karɓau, ba a ƙara ta: "yana bayyana dalilinsa". Shi kuwa "bayani" suna ne, don haka yana buƙatar "yi": "ya yi bayani", "ta yi masa bayanin takardar". Ba a cewa "ya bayani". Har ila yau a kula da bambancinsa da "bayan" mai dogon wasali a gaɓar farko. "Bayanin gida" shi ne abin da mai haya ke nema daga mai gida, "bayan gida" kuwa makewayi ne.

A harshen jarida da rediyo ma'anar "bayyana" ta yi laushi. Mai sauraron sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, zai riƙa jin "gwamnan ya bayyana cewa", alhali abin da ake nufi kawai shi ne "ya ce". Akwai kuma wata addu'a da ake yi wa wanda abinsa ya ɓata, wato "Allah ya bayyana".

4.0 Fayyace

"Fayyace" aikatau ne na aji na huɗu, fayyàcē. Wannan aji yakan nuna cewa an kai aiki ƙarshensa, ba a rage komai ba. Haka ake samun "saye" daga "saya", da "cinye" daga "ci", da "shanye" daga "sha". Wanda ya fayyace magana ya bi ta daki-daki har ba a bar mai sauraro da sauran shakka ba. A cikin dukkan aikatau na wannan darasi, shi ne ya fi kusa da kalmar Ingilishi da aka fara da ita.

Misali daga wuraren sayar da motoci zai nuna bambancinsa da "bayyana". Tun daga 1985 dokar hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta wajabta wa dillalai su liƙa wata takarda a jikin kowace mota ta hannu da suke sayarwa. Takardar tana nuna ko motar tana da garanti, ko kuwa ana sayar da ita ne yadda take. Mutumin da ya tashi a Maraɗi ko Katsina ya saba da wata ƙa'ida daban, domin a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Saboda haka idan aka karanta masa "yadda take", zai ji kalmomin, amma ba lalle ya gane abin da suka ƙunsa ba. A duba waɗannan jimloli:

(7) Dillali ya bayyana masa cewa ana sayar da motar yadda take.
(8) Ɗan'uwansa ya fayyace masa cewa duk gyaran da ya taso bayan ciniki a kansa yake.

A (7) an sanar da shi. A (8) an nuna masa iyakar maganar da abin da za ta jawo. Mai saye da ya tsaya a (7) zai iya sa hannu yana zaton akwai wurin komawa.

Siffar da ake samu daga wannan aikatau ita ce "fayyatacce", kamar a "fayyataccen bayani". A nan ɗalibi zai lura cewa "c" ta koma "t". Dalili shi ne "t" ce ta asali a saiwar kalmar, wasalin "e" ne ya mayar da ita "c" ta hanyar ganɗantawa, kamar yadda "sata" ke komawa "sace".

5.0 Warware

Ma'anar "warware" ta asali ta shafi abin da aka naɗe ko ya harɗe. Ana warware rawani, ana warware zare ko igiya. Daga nan aka ɗauko ta zuwa ga al'amuran da suka cukurkuɗe:

(9) Shugabannin al'umma sun warware saɓanin da ke tsakanin 'yan kasuwar biyu.
(10) Lauya ya warware masa matsalar takardunsa.
(11) Matsalar ta warwaru.

Misali na (11) yana aji na bakwai, wanda ke nuna cewa aikin ya yiwu sosai. Akwai kuma salon maganar nan "warware zare da abawa". Abawa zare ne mai kauri da ake kaɗawa daga auduga, kuma wanda ya raba ta da siririn zare ya gama da ruɗani.

Sai dai wannan aikatau yana da tarko. "Warware" tana kuma nufin rushe abin da aka ƙulla. Ana cewa an warware ciniki, an warware alkawari, alwala ta warware. Ɗalibin da ke taimaka wa wani dattijo da takardar hayar gida, idan ya ce wa mai gida ta bakin tafinta "Baba yana so a warware yarjejeniyar", to ya nemi a soke ta ke nan. Abin da ya kamata ya ce shi ne "Baba yana so a fayyace masa yarjejeniyar". Bugu da ƙari, idan aka ce "mara lafiya ya warware", ana nufin ya murmure.

6.0 Tantance

Ana amfani da "tantance" ne idan akwai abubuwa biyu ko fiye da suka yi kama, ana son a san wanne ne wanne, ko kuma a tabbatar da sahihancin abu. A Nijeriya ana jin ta kullum a labarai: ana tantance masu jefa ƙuri'a a rumfar zaɓe, Majalisar Dattawa tana tantance waɗanda za a naɗa ministoci. 'Yan'uwanta na kusa su ne "rarrabe" da "bambance", kuma da su ake faɗin salon maganar nan na rarrabe aya da tsakuwa.

A asibiti wannan aikatau yana da muhimmanci ƙwarai, domin wasu kalmomin Hausa na rashin lafiya suna da faɗi. "Shawara" tana nufin nasihar da ake ba mutum, tana kuma nufin ciwon da ke sa ido ya yi rawaya. "Ciki" yana nufin tumbi, amma "tana da ciki" na nufin tana da juna biyu. "Zazzaɓi" yakan zama zafin jiki kowane iri, ko da yake mutane da yawa cizon sauro suke nufi da shi. "Sanyi" kuwa ya haɗa cututtuka da dama da likitan asibiti zai ba kowannensu suna daban.

(12) Likita yana so ya tantance ko wane irin zazzaɓi ne.
(13) Tafinta ta tambayi matar don ta tantance abin da take nufi da sanyi.

Ba a cewa "tantance mini darasin" idan ana neman bayani. Mai jin haka zai ɗauka ana so ya duba darasin ne ya ga ko ingantacce ne.

7.0 Fassara da Aikin Tafinta

"Fassara" ma daga Larabci take. A can ma'anarta ita ce yin sharhi, kuma daga saiwarta aka sami "tafsiri". A Hausa ma'anarta ta fi karkata ga juya magana daga wani harshe zuwa wani, ko da yake tsohuwar ma'anar tana nan a "fassara mafarki" da kuma "an yi wa maganarsa mummunar fassara". Kalmar "tafinta" kuwa daga Ingilishi aka aro ta a zamanin mulkin mallaka.

Bahaushe ya saba ganin fassara da sharhi a tare. A wajen tafsirin watan azumi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, mai jan baƙi yakan karanta aya da Larabci, malami ya fassara ta, sannan ya fayyace hukunce-hukuncen da ke cikinta. A kotunan Amurka an raba waɗannan ayyuka biyu. Dokar tarayya ta 1978 ta tsara samar da tafintoci a kotunan tarayya, kuma ƙa'idar sana'ar, a kotu da asibiti, ita ce tafinta ya juya abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari. Ba ya ba da shawara, ba ya yin sharhi daga kansa. Idan wata kalma ta shige masa duhu, sai ya nemi izinin alƙali, yana ambaton kansa kamar wani mutum daban, domin rubutaccen bayanin zaman kotu ya nuna cewa ba mai ba da shaida ne ke magana ba. Da Hausa zai ce:

(14) Tafinta yana neman a ƙara masa bayani.

Saboda haka dattijon da ya juya ga tafinta ya ce "Ɗana, fayyace mini abin da suke nufi" ya nemi abin da ƙa'ida ba ta ba tafinta dama ya yi ba. Abin da tafinta zai yi shi ne ya juya wannan roƙo zuwa Ingilishi, domin lauya ko likita ya fayyace, shi kuma ya fassara.

8.0 Tace

Ma'ana ta biyu ta kalmar Ingilishi, wato ta abu mai ruwa-ruwa, ba ta shiga cikin ko ɗaya daga aikatau da aka ambata ba. Ba a bayyana ruwa, ba a fayyace mai. A nan Hausa tana da "tace":

(15) Ta tace kunun da rariya.
(16) An jefa alif a randa, ruwan ya kwanta, ya yi garau.
(17) Ta soya man shanu, ta tace shi, ta zuba a kwalba.

Siffarsa ita ce "tatacce", kamar a "tataccen ruwa". Ana kuma ɗaukar wannan aikatau zuwa ga magana da rubutu, amma da ma'anar cire abin da ba a so. Wannan ita ce ma'anar da ke cikin sunan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Wanda ya tace maganarsa ya zaɓi abin da zai faɗa ne, kuma yana iya yiwuwa ya bar mai sauraro cikin duhu.

9.0 Haske da Duhu, da Kalmomin Ƙarfafawa

Kamar yadda asalin kalmar Ingilishi ya danganci haske, haka Hausa ke kwatanta fahimta da haske, rashinta kuma da duhu. Ana cewa "rashin sani ya fi dare duhu". Ana cewa "ya bar ni cikin duhu", ko "abin ya shige mini duhu". Aikatau "waye", wanda ake amfani da shi a "gari ya waye", shi ne a "kansa ya waye", kuma daga gare shi aka sami "wayar da kai", wato ilmantar da jama'a a kan wani al'amari.

Daga nan ne aka sami hanyar da Hausa ke nuna cewa ana komawa ne kan maganar da aka riga aka yi: "ƙarin haske" da "ƙarin bayani".

(18) Shugaban makarantar ya yi ƙarin haske a kan sanarwar jiya.

'Yan jarida sukan yi amfani da wannan idan jami'i ya dawo yana gyara kalamansa. Idan kuwa a fili yake cewa ya janye su ne, masu sharhi sukan ce "ya yi amai ya lashe".

Har ila yau ana ƙarfafa waɗannan aikatau da amsa-kama da bayanau, kowanne da inda ya fi dacewa. "Dalla-dalla" da "filla-filla" da "daki-daki" suna nuna bin abu ɗaya bayan ɗaya. "Tiryan-tiryan" ta fi tafiya da ba da labari daga farko zuwa ƙarshe. "Ƙarara" da "ɓaro-ɓaro" suna nuna faɗin abu ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma ta biyu tana da ɗan kaushi. "Sarai" tana bin fahimta, kamar a "na gane sarai". Idan mai bayani bai rage komai ba, sai a ce "ya feɗe biri har wutsiya".

10.0 Ladabin Neman Ƙarin Bayani

Sanin aikatau bai wadatar ba sai an san yadda ake roƙo da shi. Umurni kai tsaye, irin "Fayyace mini", ya dace tsakanin abokai ko daga babba zuwa yaro. Idan da babba ake magana, ana amfani da wakilin suna "a" maimakon "ka" ko "ki", a sa "ɗan" don sassautawa, sannan mai tambaya ya ɗora gazawar a kan kansa. Ga misalin ɗalibi da wani dattijo a shagon kayan abinci:

Ɗalibi: Baba, a gafarce ni, ban gane ba sosai. Ko za a ɗan ƙara mini haske?
Dattijo: To, ɗana. Cewa na yi jikin nawa da sauƙi.
Ɗalibi: Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Amma ciwon ƙafar ya ragu, ko yana nan yadda yake?
Dattijo: A gaskiya yana nan. Jiya ma ban runtsa ba.

Wannan 'yar tattaunawa tana nuna wani abu da ya kamata duk mai aiki tsakanin Hausawa da ma'aikatan lafiya ya sani. "Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ana ba da ita ko da ciwo ya tsananta, domin nuna haƙuri da godiya ga Allah. Haka kuma "to" takan nuna cewa an ji magana kawai, ba lalle an fahimta ko an amince ba. Kunya takan hana mutum ya ce wa likita ko wani babba bai gane ba. Don haka tambaya ta biyu, mai takamaiman batu, ita ke fito da gaskiyar lamari. Ga malami ana farawa da "Allah ya gafarta Malam", ga mai sarauta ko babban jami'i "Ranka ya daɗe", ga dattijuwa "Mama" ko "Hajiya".

Daga ƙarshe, ɗalibin da ya koyi daidaitacciyar Hausa zai ji wasu bambance-bambance a bakin mutanen Nijar da na yammacin ƙasar Hausa. Inda Bakano zai ce "ya bayyana wa likita", su sukan ce "ya bayyana ma likita". Haka kuma "fa" takan koma "hwa", kamar a "hwaɗi" da "hwari". Wasu kalmomin aro ma daga Faransanci suke, irin su "lakwal" a madadin makarantar boko. Duk wannan Hausa ce ingantacciya, kuma inda ɗalibi bai gane ba, sai ya tambaya, tun da Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata.

11.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen aikatau ya dogara ne ga irin duhun da ake son kawarwa. Idan abu ɓoye yake ko ba a faɗe shi ba, a bayyana shi. Idan an faɗe shi amma da saura, a fayyace shi ko a yi ƙarin haske a kansa. Idan ya harɗe, a warware shi, tare da tuna cewa yarjejeniyar da aka warware ta rushe. Idan ya yi kama da wani, a tantance. Idan da wani harshe yake, a fassara. Idan kuwa ruwa ne ko mai, a tace.

12.0 Aiki

A. A cike gurbi da aikatau da ya dace:

1. Makaniki ya ______ ko batir ne ya mutu ko kuwa wani abu daban.
2. Uwargida ta ______ man shanu kafin ta zuba a tuwo.
3. Lauya ya ______ mata sharuɗɗan hayar ɗaya bayan ɗaya.
4. Bayan kwana uku a asibiti, yaron ya ______.
5. Wa zai ______ wannan wasiƙa daga Faransanci zuwa Hausa?

B. A furta jimlar "Abin da ya bayyana ke nan" ta hanyoyi biyu, sannan a faɗi ma'anar kowacce.

C. A gyara waɗannan jimloli, a kuma faɗi dalilin gyaran:

1. Malam ya bayani darasin.
2. Don Allah ka bayyana ni hanyar asibiti.
3. Tana bayyanawa dalilinta.

D. A rubuta tattaunawa mai layi goma tsakanin wata Hajiya da matashin da ya raka ta sayen mota, inda take neman ya fayyace mata abin da takardar da ke jikin motar ta ƙunsa.